Farfesa da Wayar Jita Mai Ladabi

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ya riga kowa yabon kansa. A layinmu akwai teloli, akwai makanikai, akwai mai wanki da guga, duk bayin Allah ne da ba su san komai ba sai aikin da ke gabansu. Amma Ubangiji bai bar mu a duhu ba. Ya ba mu Farfesa.

Farfesa makaɗin jita ne. Ba irin ta katako da ake kaɗawa a gindin bishiya ba, ta lantarki, wadda sai an jona ta da waya zuwa lasifika kafin ta yi magana. Ba wata makaranta ce ta ba shi farfesancin ba, domin makarantu suna da jan ƙafa, shi kuwa mutum ne mai sauri. Ya taɓa zaman shagon kawunsa inda ake sayar da ƙwan fitila da makunni, kuma tun daga nan ya gane cewa shi da lantarki 'yan uwa ne. Wuta ta sha jan sa a shagon. Ya ce gaisawa suke yi.

Duk inda zai yi kiɗa, a gaban ƙafarsa akwai wani faffaɗan katako da ya jera wa 'yan akwatunan ƙarfe, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowanne da madanni da 'yar fitila. Feda ake ce musu, kamar ta keke, saboda da ƙafa ake taka su. Wannan in an taka sai jita ta yi gurnani, wancan ta yi amo kamar daga cikin rijiya, wani kuma ta yi kukan jariri. Sauti yakan fito daga jita ta doguwar waya, ya shiga akwatin farko, ya bi gajerun wayoyi daga akwati zuwa akwati, sannan wata doguwar ta ɗauke shi ta kai lasifika. Makaɗan da ba su waye ba uku suke ajiyewa, ko huɗu. Na Farfesa sai mutum biyu sun kama katakon, kamar za a fitar da ƙofa.

Abu ɗaya ne maƙiya suke kamawa da shi. Da zarar an kunna kayansa, tun bai taɓa tsirkiya ba, sai wani zuuu ya tashi daga lasifika, ya cika ɗaki, ya shiga haƙoran mutane. In ya motsa ƙafa kuma a ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Abokan kiɗansa suka laƙaba masa Amya. Da labari ya kai kunnensa ya ce ya gode, ai kowa ya san abin da ake ɗiba a cikin amya. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ƙungiyar da yake kiɗa a cikinta ta yayan matarsa ce, mutum mai sanyin hali da kowa ke kira Yaya, shi ke rera waƙa yana danna fiyano. Akwai Dogo mai ganguna, akwai mai busa, akwai mai riƙe jita mai kaurin murya, wanda ba ya magana sai an tambaye shi. 'Yan baƙin ciki suna cewa albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, wai ba don auren ba da tuni an sallami Farfesa. Shi kuwa ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ya shiga ƙungiyar ne don ya rufa wa surukai asiri.

Ana nan sai wani otal ya nemi makaɗan da za su riƙa kiɗa a ɗakin cin abincinsa duk ƙarshen mako. Aiki ne mai ɗorewa, irin wanda ƙungiya kan yi shekaru tana roƙon Allah ya kawo. Suka je gwaji. Manajan otal ya saurari rabin waƙa, ya ɗaga hannu, ya waiga yana neman inda ƙarar take. Ya ce muryar Yaya ta yi masa, amma baƙinsa abinci suke zuwa ci, ba aski ba. Ya ba su dama ɗaya, su dawo mako mai zuwa. In ya sake jin zuuu, akwai wasu makaɗan suna jira.

A ɗakin da suke maimaita kiɗa, wanda aka manna wa kwalayen ƙwai a bango don kada maƙwabta su kai ƙara, Yaya ya zaunar da mijin ƙanwarsa.

"Ƙanena, ka san ban taɓa ɗaga maka murya ba. Amma gidaje biyar ne ke kan aikin nan. In zuman nan naka suka bi mu otal, zan nemi wani makaɗin. Ƙanwata kuwa ni zan je in ba ta haƙuri da bakina."

Farfesa bai yi fushi ba, manya ba sa yi. Ya miƙe, ya ɗora ƙafa ɗaya a gefen katakonsa, ya dubi silin.

"Yaya, na ji, kuma na yafe maka, domin rashin sani ya fi dare duhu. Jitata ba ta da laifi. Akwatunana ba su da laifi, kowanne sai da na yi nazarinsa. Hannuna kuwa ba sai na faɗa ba. Laifin na waya ne. Waya bututu ce, kamar ta famfo. In bakin bututu bai matsu ba, iska takan shiga. To wannan zuuu da kunnuwanku ke ji, iska ce ke yawo a cikin sauti. Masu ƙera wayar ma ba su gama gano wannan ba. Ku bar ni da ita."

Dogo ya ce, "To Farfesa, in aka rage akwatunan fa? A ɗan bar uku haka, mu huta da dako."

"Kai da sanda kake sana'a, Dogo. Tsaya inda Allah ya ajiye ka."

Laifi tudu ne, in ji magabata. Farfesa ya taka nasa ya hango na waya.

Washegari ya saka kwat cikin tsakar rana, ya nufi shagon kayan kiɗa. Mai shago ya baje masa abin da yake da shi a kan kanta: masu kai ruwan zinare, masu kai ruwan azurfa, masu rigar zare kamar igiyar dutsen guga, masu murɗiya kamar wayar tarho ta da, da 'yan gajeru masu lanƙwasasshen kai na shiga tsakanin akwatuna. Jahilan makaɗa in za su sayi waya, sukan jona ta ne su kaɗa, su girgiza kan su ji ko za ta yi ƙaras, su ja wuyan su ga ko ya kama, su biya su tafi abinsu. Farfesa ya wuce nan. Ya shinshina. Ya ɗora a tafin hannu ya auna nauyi. Ya ɗaga wa haske ya kanne ido. Sannan ya cusa kai ɗaya a kunnensa, ya ce mai shago ya hura ɗaya kan.

Mai shago, da yake ciniki yake nema, ya hura.

"Tana yoyo," in ji Farfesa. "Kawo wata."

Haka aka yi ta yi har leɓen mai shago ya bushe. Duk suna yoyo, amma Farfesa ya cika jaka da su saboda bincike. Kafin ya fita ya bar wa mutumin nasiha kyauta, cewa ya daina naɗe wayoyi, ya riƙa rataye su kai ƙasa don tsohon sautin da ya kwana a ciki ya tsiyaye. Mai shago ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara sani, ya ɗauki ruwa ya sha.

A gida, falo ya zama ɗakin bincike. An tura kujeru jikin bango. An shimfiɗa wayoyi a ƙasa, dogaye gefe, gajeru gefe, kamar kifi a kasuwa. An kashe fanka. An kashe firij. An cire batirin agogon bango, domin yana katsalandan. Yara aka tattara su aka kai gidan kakarsu. Matar gida kuwa aka roƙe ta kada ludayi ya taɓa bakin tukunya har sai ilimi ya kammala.

Ga yadda aikin yake, ga wanda ke son ya koya. Farfesa yakan ɗauki waya, ya kama kanta da filaya ya matse, don ya toshe hanyar iska. Ya juya ya matse ɗaya kan. Ya jona ta daga katako zuwa lasifika, ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya zauna ya harɗe ƙafa ya rufe ido. Jita na jingine a kusurwa, jone da akwatin farko, ba mai taɓa ta. Abin da yake sauraro shiru ne. Wayar da ta fi kusa da shiru ita ce ta ƙwarai.

Matarsa ta leƙo da zufa a goshi.

"Baban yara, ba za ka ɗan kaɗa ba ka ji yadda take fitowa?"

"Uwar yara, likita in zai saurari ƙirjin mutum, cewa yake ya rera masa waƙa? Koma wajen tukunyarki, a hankali."

Ta koma, a hankali.

Mu maƙwabta ta bango muka riƙa sanin inda bincike ya kai. Zuuu ya tashi, zuuu ya faɗi, sai mu ce an canza waya. Wadda ta yi ƙara sosai, ya kira ta marar tarbiyya ya jefa bayan kujera. Wadda ta yi ɗan siririn huci, ya ce munafuka ce, gara ma mai fitowa fili. Wasu kawunan sun fashe a bakin filaya, ya ce dama ba su da zuciya. Bayan kujera ya cika. Ranar komawa otal tana matsowa, maganar Yaya tana nan inda ya ajiye ta, Farfesa ya fara cin abinci a tsaye.

Saura wata doguwa baƙa, mai kaurin yatsa, mai kai ruwan zinare. A jonawar farko ta yi zuuu kamar 'yan uwanta. Farfesa ya dube ta irin duban da uba ke yi wa ɗan da ya ba shi kunya. Ya durƙusa, ya kama filaya da hannu biyu, ya tattara ƙarfin da Allah ya ba shi, ya matse har wani abu a ciki ya ce ƙas. Ya jona.

Shiru.

Ya murɗa ƙara har maɓallin ya tsaya. Shiru. Ya taka akwatin gurnani, ya taka na rijiya, ya taka su duka. Ya manna kunne a jikin lasifika. Tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.

"Uwar yara, zo ki ji."

Ta zo ta karkata kai. "Ban ji komai ba."

"To shi ne. Abin da masana suka tsufa suna nema ke nan, ga shi a falonki. Ki riƙe ranar nan, wata rana za a tambaye ki. Wannan waya ta san manya na wuri. Daga yau sunanta Mai Ladabi."

"To madalla. In kunna firij? Nama ya fara magana."

Ya naɗe Mai Ladabi a sabon tawul, ya sa ta a saman durowa inda hannu ba ya kaiwa. Ya kafa doka: babu sautin da zai bi ta cikinta sai ranar otal, domin waya kamar reza ce, askin farko ya fi kaifi. Wajen maimaita kiɗa ma hannu rabbana ya riƙa zuwa, ya ja kujera ya zauna yana gyara wa mai busa numfashi. Yaya ya roƙe shi a kawo wayar a ji ta ko sau ɗaya.

"Gwaji na masu shakka ne, Yaya. Ni na wuce shakka."

A ranar Yaya ya nemi lambar wani makaɗin jita ya ajiye a wayarsa ta hannu, ya kuma fara shirya kalmomin da zai gaya wa ƙanwarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suka isa otal da yamma, kafin baƙi su fara shigowa. Ɗakin cin abinci ne mai faɗi, tebura da fararen ƙyallaye, ma'aikata na goge cokula suna jera su. Manaja ya ja kujera ya zauna a tsakiya, tarin makullai a hannu. Mutum biyu suka shigo da katakon Farfesa suna nishi. Shi ya biyo baya da tawul a kan hannu biyu, kamar mai ɗauke da jinjiri. Ya sa aka kai lasifikarsa can bakin dandamali tana fuskantar manaja, don mai shari'a ya ji da kyau. Shi kuma ya tsaya kusa da gangunan Dogo. Ya warware tawul, ya jona, ya kunna.

Kowa ya ɗage kafaɗa yana jiran zuma. Ba su zo ba. Dogo ya leƙa ƙarƙashin dandamali ko wuta ce aka ɗauke, ya ga fitilun akwatuna duk suna ci. Yaya ya sauke numfashin da ya yi mako yana riƙe da shi. Manaja ya daina kaɗa makullai. Farfesa ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, a natse, yana ba su lokacin jin kunya.

Aka ɗauki waƙa. Fiyano ta shiga, ganguna suka bi, mai busa ya ɗora. Muryar Yaya ta fito tas, kowace kalma da ƙafarta, har wata mai goge cokali ta tsaya da cokali a hannu. Ba a kai amshi na biyu ba Yaya ya gane abin da ya rasa, ko kuma abin da ya samu. Ya waiga. Hannun Farfesa na ta aiki, sama da ƙasa, kamar mai yankan kubewa. Daga lasifikarsa ko tari babu. Yaya ya dubi Dogo. Dogo ya dubi silin. Mai jita mai kaurin murya, da yake ba a tambaye shi ba, bai ce komai ba.

A faɗi gaskiya, a tsakiyar waƙar Farfesa ya ɗan buɗe ido ɗaya, domin kunnensa bai kawo masa jita ba. Ƙaramin mutum a nan zai tsorata. Shi kuwa ya dubi ƙasa, ya ga fitilu ja da kore suna masa murmushi. Ya dubi lasifika, ya ga ta ba shi baya tana hidimar manaja. Ga gangunan Dogo na dukan ƙeyarsa. Sai ya yi lissafi irin na masana: sauti mai tsabta ba ya tsayawa gaisawa da mai shi, gaba yake wucewa. Ya mayar da idon ya rufe.

Sannan aka zo filinsa, inda aka saba kowa ya sassauta a bar jita ta yi magana ita kaɗai. Fiyano ta ja baya. Mai busa ya sauke ƙahonsa. Saura ganguna a hankali, da wani ɗan tsin-tsin na busasshiyar tsirkiya da ba ya wuce tsawon hannu. Nan Farfesa ya ba da duk abin da yake da shi. Ya taka wannan, ya taka wancan. Ya gantsare. Ya murtuke fuska kamar mai ciwon haƙori, ya buɗe baki, ya girgiza kai har hula ta faɗi. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya ɗaga wuyan jita sama, yatsunsa na gudu kamar ana bin su. Ma'aikatan otal suka taru a ƙofar kicin. Da ya miƙe ya yi dukan ƙarshe, suka tafa da gaske, don ba kullum ake ganin irin wannan kyauta ba.

Manaja ya taso, ya ba Yaya hannu, ya ce su fara ƙarshen makon nan. Ya matso da baki kusa da kunnensa ya ƙara da cewa, wancan mai rawa da jita su riƙa zuwa da shi, baƙi za su so shi. Sannan ya juya ga Farfesa ya dafa kafaɗarsa.

"Malam, yau daga ɓangarenka ban ji komai ba. Haka nake so."

"Ka ji ko, Yaya?" in ji Farfesa. "Bai ji komai ba. Mutum ne mai kunne."

A motar komawa gida ba wanda ya sami damar tari. Farfesa ya yi bayanin iska da bututu tun daga tushe. Ya ce shi kansa bai ji kiɗansa sosai ba, kuma haka ya kamata, domin turare mai tsada wanda ya shafa ba ya jin ƙamshinsa, na nesa ke shaƙa. Ya ce ya yafe wa duk wanda ya taɓa shakkarsa, ba sai ya ambaci suna ba. Saboda zumunci kuma, ya yi tayin kawo filayarsa ya matse wa kowa wayoyinsa kyauta, farawa da ta makirfon Yaya. Yaya ya jawo jakar makirfo ya ɗora a cinya, ya rungume, ya ce ba za su ɗora masa wahala ba, wadda ya sha ta isa.

Da safe, Farfesa na banɗaki yana wanka yana rera kiɗan jiya da baki, Yaya ya tsaya a ƙofar gida, ya nemi a ba shi aron Mai Ladabi. Ƙanwarsa ta hau kujera, ta sauko da tawul daga saman durowa, ta miƙa masa.

"Yaya, don Allah kafin ya gama shafa mai. Jiya dai lafiya ko? Ba ka kore shi ba?"

"Wa zai kori mijinki? Tunda nake da shi bai taɓa yi mana aiki irin na jiya ba."

Ya tsallaka titi wajen mai gyaran rediyo, ya ajiye wayar a kan tebur cikin tarkacen sukurori. Mai gyara ya kwance kan, ya leƙa, ya taɓa da 'yar na'urarsa.

"Wannan ai shaƙe ta aka yi. Wayoyin ciki biyu sun haɗe da juna. Ko tsawa aka zuba mata ba za ta fita ta ɗaya bakin ba. Aikin yanzu-yanzu ne, in gyara?"

Yaya ya dubi kan zinaren nan da haƙoran filaya suka yi wa zane. Ya tuna manaja, ya tuna gidaje biyar, ya tuna ƙanwarsa a tsaye a kan kujera.

"A'a, mayar da ita yadda ka same ta. Amma ka dube ta da kyau, ka yi mini biyu irinta sak, in ajiye. Waya ba ta da tabbas. Kada wata rana ta warke."